Gashin Kek Da Cincin A Gidajen Garki: Yadda Farashin Dala Ke Shiga Kwanon Kwaɓi

ABUJA – Duk lokacin da Salla ta ƙarato, ko aka shiga watan Disamba mai yawan ɗaure-ɗauren aure, masu shagunan fulawa da sukari a Kasuwar Garki sukan sami wasu masu saye waɗanda ba masu gidajen burodi ba ne. Galibinsu mata ne, wasu ma'aikatan gwamnati, wasu matan aure da ke zaune a gida, wasu kuma ɗalibai. Sukan auni fulawa mudu biyar ko su ɗauki rabin buhu, su haɗa da bota da sukari da kiret na ƙwai. Wasu na iyalinsu za su yi, amma da yawa an ba su aiki ne: kek ɗin suna, ko na ɗaurin aure, ko cincin da dubulan na gara. Sana'a ce da ba ta da shago, ba ta da allon talla, amma duk da ƙanƙantarta tana ɗaure da farashin dala da kuma kasuwar alkama ta duniya fiye da yadda yawancin masu yin ta suka sani.

Garki na daga cikin unguwannin farko da aka gina a sabon birnin tarayya, kuma a gidajenta na Area 1 da Area 2 da Area 3 da makamantansu aka sauki ɗimbin ma'aikatan da suka baro Legas, kafin da kuma bayan ƙaurar gwamnati a ranar 12 ga Disambar 1991. Kowa ya zo da al'adar garinsu. Bahaushiya ta zo da alkaki da nakiya da gireba da dubulan, wato kayan garar da dangin amarya ke kai wa gidan miji. 'Yar kudu ta zo da kek mai hawa-hawa na ranar aure da na zagayowar ranar haihuwa. Cincin kuwa na kowa ne, Salla da Kirsimeti. Zaman tare ya sa kayan suka gauraya, har ya zama ba abin mamaki ba ne a ga kek mai ado a wajen kamun amarya, a kuma ga alkaki a teburin liyafar ofis.

Kek na gargajiya irin na Turawan Ingila, wanda mafi yawan na biki suka samo asali daga gare shi, abubuwa huɗu ne nauyinsu ɗaya: fulawa, sukari, bota da ƙwai. Idan fulawa kilo ɗaya ce, sauran ma kilo ɗaiɗai ne, wato kimanin ƙwai 20, kashi biyu cikin uku na kiret. Sai ɗan abin da ba a rasa ba na bekin hoda da madara da gyaɗar ƙamshi. Duk mai son ya fahimci sana'ar, sai ya bi sawun waɗannan abubuwa huɗu ya ga inda kowanne ya fito.

Fulawa ita ce babba. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na alkamar da ake niƙawa a Nijeriya daga ƙasashen waje ake shigo da ita. Wani binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna cewa abin da aka noma a cikin gida a shekarar 2021 bai kai tan 37,000 ba, alhali abin da ake ci a shekara miliyoyin tan ne. Dalili kuwa shi ne alkama shukar sanyi ce. A nan ƙasar sai da ban-ruwa take yi, a cikin ɗan tsakanin hunturu daga Nuwamba zuwa Maris, a wurare irin su Kadawa ta Jihar Kano da kwarin Haɗeja a Jigawa da wasu sassan Kebbi da Borno. Idan shuka ta yi latti, zafin bazara ya cim mata tana fitar da kai, to amfanin ya ragu ke nan.

An sha gwada maganin wannan gurbi. A shekarar 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta haramta shigo da alkama ɗungurungum, da nufin a koma ga ta gida. Manoman Kano da maƙwabtanta sun tashi tsaye, amma abin da suka noma bai kusa isar masana'antun niƙa ba. Fulawa ta yi tsada, 'yan fasa-ƙwauri suka riƙa shigo da ita ta kan iyakoki, daga ƙarshe aka janye haramcin a 1992. Daga baya aka juya ga garin rogo. Gwamnatin Olusegun Obasanjo ta nemi a riƙa gauraya kashi 10 cikin ɗari na garin rogo a fulawa, sa'an nan a 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ƙara harajin kashi 15 cikin ɗari a kan ƙwayar alkamar da ake shigo da ita domin ta ƙarfafa wannan shiri. A Nuwambar 2023 kuma aka ƙaddamar da sabon shirin noman alkama na rani a Jihar Jigawa. Duk da haka, buhun fulawa mai kilo 50 da ake saukewa a Garki har yanzu yawancin alkamarsa ta jirgin ruwa ta iso.

Masu niƙa ta ma ba su da yawa. Kamfanin Flour Mills of Nigeria, wanda aka kafa a 1960 kuma yake yin fulawar Golden Penny, ya sayi Honeywell Flour Mills a 2022. Kafin nan, a 2019, kamfanin Olam ya sayi masana'antar fulawa ta Dangote ya haɗa da Crown Flour Mills da ya riga ya mallaka. Akwai kuma BUA. A kasuwar da masu sayarwa suka zama ƙalilan irin haka, mai sayen mudu biyar ba ta da ta cewa. Farashin da ta tarar shi za ta biya, kuma nata ya fi na mai gidan burodi tsada, domin shi buhu-buhu yake ɗauka daga dila.

Abin lura a nan shi ne alkaki bai cika shiga wannan tarko ba. Da ɓarzajjiyar alkamar gida ake yin sa, wadda ake aunowa a kasuwa, a kwaɓa, a soya, a tsoma cikin ruwan sukari ko zuma. Nakiya kuwa shinkafa ce. Saboda haka mai haɗa kayan gara tana da ƙafa ɗaya a gonar Kano, ɗaya a tashar jirgin ruwa ta Apapa, mai kek zalla kuwa ƙafafunta biyu duk a Apapa suke.

Sukari ma labarinsa kusan ɗaya ne. Yawancin wanda ake sha ana shigo da ɗanyensa ne daga Brazil, a tace shi a matatun Dangote da BUA da Golden Sugar. Tun 2012 aka amince da babban shirin bunƙasa sukari na ƙasa, kuma akwai gonakin rake a Numan ta Adamawa da Sunti ta Jihar Neja, amma abin da suke fitarwa kaɗan ne idan an gwada da bukata. Botar da ake kek da ita yawanci ta man itatuwa ce, wadda farashinta ke bin na manja da man girki. Ƙwai ne kaɗai ɗan gida a cikin huɗun, shi ma farashinsa yana bin na masara da waken suya da kaji ke ci.

Da wannan za a gane abin da ya sami sana'ar daga 2022. A Fabrairun wannan shekara yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, waɗanda ke cikin manyan masu sayar wa duniya alkama, farashi ya yi sama. Bai gama lafawa ba sai aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, a watan Yuni kuma Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari, abin da ya sa a watan Yuli gwamnati ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da alkama da masara da wasu hatsi na kwana 150.

Mai gidan burodi idan kaya sun tashi yakan rage girman burodi ko ya ƙara kuɗi washegari. Mai kek ɗin biki ba ta da wannan dama, domin an riga an yi ciniki. Alal misali, a ƙaddara wata ta karɓi aikin kek da cincin na aure a kan Naira 100,000, saura mako shida biki. Ta lissafa kayan haɗi 60,000, gas da kwali da kuɗin mota 15,000, ya rage mata 25,000. Idan kafin ranar gashi kayan haɗi suka tashi da kashi 25 cikin ɗari, 60,000 ta koma 75,000, abin da zai rage mata 10,000 ne kacal, kuma a ciki ladan wahalarta na kwana biyu ko uku yake. Wannan ne ya sa masu lura suka koma karɓar kafin alƙalami mai tsoka, su sayi fulawa da sukari da bota tun ranar da aka yi ciniki, su bar ƙwai kaɗai sai ana gobe. A zamanin tsada wannan shi ne inshorar da ƙaramar mai sana'a ke da ita.

Akwai kuma wani kuskure da ya fi tashin farashi cin jari, wato rashin sa wa aikin kai kuɗi. Mace da ta fara da yi wa dangi kyauta, idan ta soma karɓar kuɗi takan lissafa abin da ta saya a kasuwa kawai. Ba ta sa gas ɗin gida da ta ƙona, ko wutar lantarki, ko lalacewar injin kwaɓi, ko awannin da ta tsaya. Abin da take kira riba sau da yawa albashin mijinta ne ko nata ke cike shi ba ta sani ba. Hakan kuma yana karya farashi ga waɗanda sana'ar ce kaɗai abincinsu.

Batun wuta ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ɗaga kuɗin masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga kimanin Naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, ko da yake an ɗan sassauta daga baya. Murhun gashi na lantarki mai cin yunit biyu a awa, wanda a da yake cin Naira 136, sai ya koma cin 450. Ga kuma haɗarin ɗauke wuta kek na tsakiyar tashi, wanda ke nufin asarar kwaɓin gaba ɗaya. Shi ya sa murhun gas ya fi karɓuwa, kuma tsohuwar dabarar nan ba ta mutu ba: a zuba yashi ko tsakuwa a gindin babbar tukunya, a ɗora a kan gawayi, a jera gwangwanayen madara cike da kwaɓi, a rufe. Ƙananan kek na Salla da yawa a haka ake gasa su.

Cincin da kek ba haja ɗaya ba ce, ko da yake fulawa ɗaya ake yin su da ita. Cincin da ya soyu ya bushe, aka rufe shi a roba mai murfi, yakan yi makonni bai canza ba, don haka ana iya yin sa da yawa lokacin da kaya ke da sauƙi a riƙa sayarwa sannu a hankali. Kek mai ado kuwa kwanakinsa ƙalilan ne a zafin Abuja, sai an ba da aiki ake yin sa, kuma kai shi ma wani aiki ne. Da yawa daga cikin masu yi ba a cikin Garki suke kwana ba. Suna Nyanya ko Karu ko Lugbe ko Kubwa, masu saye ne ke ofisoshin Area 10 da Area 11. Kek mai hawa uku ba ya hawa babur, sai an ɗauki shatar mota, kuma tun bayan cire tallafin mai wannan kuɗi ya zama abin da ake ciniki a kansa daban.

Talla a yanzu ta koma WhatsApp da Instagram, biya kuma ta banki. Wannan ya sauƙaƙa shiga sana'ar, amma ya ƙara yawan masu gasa a kasuwa ɗaya. Wadda ke son ta fita daga cikin taron ta kai kayanta manyan kantuna za ta tarar da sharuɗɗa biyu. Na farko rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wadda yanzu ake yi ta intanet, kuma da ita ake buɗe asusun banki da sunan sana'a. Na biyu lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, domin doka ta wajabta rajistar abincin da aka ƙulle a leda ko roba don sayarwa. Kafin hukumar ta ba da lamba takan duba wurin da ake aikin, kuma ɗakin girkin da iyali ke dafa tuwon dare a cikinsa da wuya ya cika sharaɗi. Sai an ware wuri na musamman mai ruwa da tsabta. A birnin da hayar ɗaki ɗaya ke iya cinye ribar watanni, nan ne yawancin masu cincin ke tsayawa.

Ga dilolin fulawa da sukari da masu ba da ƙananan basussuka, lokutan cinikin waɗannan mata a bayyane suke: makonnin da ke gaban azumi, lokacin da ake gaggauta ɗaura aure, sai goman ƙarshe na Ramadan, sai gabanin Babbar Salla, sai kuma Disamba. Bukatarsu ta jari takan taso mako uku zuwa shida kafin kowane ɗaya daga cikin waɗannan, kuɗin kuma yakan dawo cikin 'yan kwanaki bayan biki. Tun da watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara, dilan da ke tsara sayen kayansa da kalandar bara zai tarar masu cincin sun riga shi zuwa kasuwa.