Wakilin Gumel da Maganar Gonakin Gagarawa

Ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kujera ɗaya gare ta a Majalisar Wakilai ta Tarayya da ke Abuja, cikin kujeru 360 na Nijeriya duka. Jihar Jigawa tana da 11 daga ciki. Bayan kowace shekara huɗu akan fito a jefa ƙuri'a, a zaɓi wanda zai hau kujeran nan. Galibin masu zaɓen manoma ne, masu noman gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da zoɓo, sai makiyaya da fatake masu cin kasuwar Maigatari ran Alhamis. Amma da wuya a sami manomin da zai iya faɗin abin da wakilinsa ya ce game da gona, balle ya san inda ya jefa ƙuri'arsa a Majalisa. To, ga labarin wani wakili da wata magana da ta tashi a zamaninsa, don a gane yadda ake auna wakili.

WANE NE WAKILIN

Daga shekarar 2015 zuwa 2019 Alhaji Muhammad Sani Zorro ne ya riƙe kujerar ƙasar Gumel. Asalin sana'arsa aikin jarida, har ya taɓa zama shugaban Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Nijeriya. Ya ci zaɓe a jam'iyyar APC, jam'iyya ɗaya da Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, wanda shi ma ya hau mulki a 2015. A Majalisa aka ba shi shugabancin kwamitin da ke duba sha'anin 'yan gudun hijira da mutanen Arewa maso Gabas waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu. Mutanen wasu jihohi ta wannan aiki suka san shi. Mutanen gida kuwa abin da ya fi tsaya musu a rai shi ne maganar gonaki.

EKA 30,000 DON RAKE

Gwamnatin Jigawa ta shirya ba wani kamfani, Great Northern Agribusiness, ƙasa mai faɗin hekta 12,000 don ya noma rake ya kafa masana'antar sukari. Kamfanin nan reshe ne na kamfanin Lee, na 'yan kasuwar ƙasar Sin da suka daɗe da masana'antu a Kano. Mafi yawan filin a Gagarawa yake, ya kuma taɓa Sule Tankarkar da Taura da Garki. Hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, saboda haka hekta 12,000 ta tasam ma eka 30,000. In a misali aka ce kowane magidanci yana noma eka 10, to, gonakin magidanta 3,000 ke nan.

Gwamnati tana da hujjarta. Nijeriya tana kashe kuɗi masu yawa wajen sayo ɗanyen sukari daga waje, musamman daga Barazil, shi ya sa a 2012 Gwamnatin Tarayya ta fito da wani babban shiri na noman rake a cikin gida. Aka ce in masana'anta ta kafu samari za su sami aiki, manoman kewaye za su riƙa noma rake suna sayar wa kamfani, kuma za a biya diyya ga duk wanda aka karɓi gonarsa.

Manoma da yawa ba su gamsu ba. A 2016 da 2017 suka yi ta kai kuka, suna cewa gonakin nan gado ne tun kaka da kakanni, kuɗin diyya kuwa ƙarewa yake yi, gona ba ta ƙarewa. Wanda ya san aikin gona ya san akwai abin dubawa a maganarsu. Rake yakan yi kamar shekara guda a gona, yana bukatar ruwa inci 60 zuwa 100 kafin a sare shi. Ruwan saman da ke sauka a ƙasar Gumel cikin damina ta wata uku zuwa huɗu bai kai rabin wannan ba, ga ƙasar kuma jigawa ce, ba ta riƙe laima. Watau sai da ban ruwa da injuna da jari mai nauyi, abin da ƙaramin manomi ba shi da shi. Wanda ya rabu da gonar geronsa, in ya yi sa'a ya zama lebura a gonar rake, daga nan hatsin gidansa sai ya auno a kasuwa.

INDA WAKILI YA TSAYA

Da magana ta yi zafi, Sani Zorro ya fito fili ya goyi bayan manoma. Ya yi magana a gaban jama'a da 'yan jarida cewa bai yarda a raba talakawa da gonakinsu ta wannan hanya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a siyasar ƙasan nan, gama shi da Gwamna jam'iyyarsu ɗaya, kuma kowa ya san yadda bakin gwamna ke da nauyi wajen tsai da ɗan takara. Wakilai da yawa in irin wannan ta taso sukan yi shiru su ce sha'anin jiha ne. Shi ya faɗi matsayinsa, wanda ya yarda da shi da wanda bai yarda ba duk suka ji. A watan Yuli na 2018 yana cikin wakilan da suka fita daga APC, kuma bayan zaɓen 2019 bai koma Majalisa ba.

Sai dai ya kamata manomi ya san iyakar ƙarfin wakilin tarayya, don kada ya ɗora masa kayan da ba nasa ba. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, duk ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin mai gona in an ce jama'a ke bukatar wurin, amma wajibi ne a ba mai gona sanarwa a rubuce. Sashe na 29 ya ce a biya diyyar abin da ke kan ƙasa, kamar amfanin gona da itatuwa da gini da rijiya. Ita ƙasar kanta ba a yi mata kuɗi kamar yadda ake cinikin gona tsakanin mutum da mutum. Shi ya sa diyya kan zo kaɗan a idon mai gona. Wakili ba shi da ikon soke abin da gwamna ya sa wa hannu. Abin da ke hannunsa shi ne ya yi magana, ya kai takardar koken mutanensa gaban Majalisa, ya nemi a yi bincike. Ko Majalisa ta yanke shawara a kan koke, shawara ce, ba ta tilasta wa gwamna. Masu iya tsare gwamna da tambaya kusa da kusa su ne 'yan Majalisar Jiha da ke Dutse, mai iya hana shi kuwa kotu.

YADDA AKE ƘURI'A A MAJALISA

Akwai inda wakilin tarayya ke da hannu sosai, watau wajen gyaran dokar kanta. Amma nan ma akwai wata matsala. Galibin ƙuri'un Majalisa da murya ake yin su. Kakakin Majalisa ya ce masu so su amsa, su amsa gaba ɗaya, ya ce masu ƙi su amsa, su ma su amsa, sa'an nan ya buga guduma ya ce wane gefe ya rinjaya. Ba a rubuta sunan kowa. A Ingila da Amurka, in magana mai nauyi ce, akan ƙirga mutum ɗaya ɗaya a buga sunaye, kowane mai zaɓe ya ga inda nasa ya faɗa. A nan kuwa wakili yana iya amsa wa doka a Abuja, ya zo gida ya ce shi bai so ba, ba mai ƙaryata shi.

Lokacin da akan ƙirga shi ne wajen gyaran tsarin mulki, domin sai an sami kashi biyu bisa uku, watau wakilai 240 cikin 360, haka kuma a Majalisar Dattawa, kana majalisun jihohi 24 cikin 36 su yarda. Dokar ƙasa ta 1978 an ɗaure ta a cikin tsarin mulki, ba ta gyaruwa sai ta wannan hanya. A ƙarshen Yuli na 2017, daidai lokacin da maganar Gagarawa ke tashe, aka kawo shawarar a cire ta daga tsarin mulki don gyaranta ya yi sauƙi. Aka yi ƙuri'a da na'ura, kowa ya danna nasa, shawarar ba ta sami yawan da ake bukata ba, ta faɗi. Waɗansu suna ganin da ta wuce da an sami hanyar rage ikon gwamnoni a kan gonaki. Waɗansu kuma suna tsoron in an kwance dokar masu kuɗi za su saye ƙasar talakawa. Kowane gefe yana da abin faɗi. Irin wannan rana ce ya cancanta a tsare kowane wakilin Jigawa a ce masa, wanne ka danna, kuma don me?

MAGANAR IYAKA

Ba gona kaɗai ke bukatar bakin wakili ba. A Agusta 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Maigatari ba sai ran 16 ga Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufewa, sai Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata gefen. Kasuwar Maigatari da shanu da raƙuma da tumakin da ke gangarowa daga ƙasar Damagaram take rayuwa. In iyaka ta rufu, dillali da mai mota da mai sai da abinci da manomin da ya kai hatsi duk sai sun ji a jikinsu. A Agusta 2023 Majalisar Dattawa ta nuna ba ta goyon bayan a kai yaƙi Nijar. Wannan ya nuna in 'yan majalisa suka yi magana da murya ɗaya akan saurare su.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Tun da takarda ba ta cika nuna ƙuri'ar wakili ba, sai jama'a su riƙa riƙe lissafi da kansu. Malaman ofis da 'yan kasuwa masu karatu su taimaka a nan. Majalisa tana buga takardar abin da aka yi a kowane zama, ana kuma jin labarinta a rediyo. In wakili ya yi magana a kan gona ko taki ko iyaka, a rubuta ranar da abin da ya ce, a ajiye wurin sakataren ƙungiyar manoma. In ya yi shiru, shi ma a rubuta. In ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, kafin a karɓi buhun takinsa a tambaye shi abin da zai yi in aka zo auna gonakin ƙauye, da ra'ayinsa a kan yadda ake lissafin diyya, kuma ya amsa a gaban shaidu.

Manomi kuma ya taimaki kansa. Ya san faɗin gonarsa, ya ƙirga itatuwan da ke ciki, ya nemi shaidar mai unguwa da dagaci da takardar ƙaramar hukuma tun ba a zo da igiyar awo ba. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Tun ran gini ran zane. Allah ya ba da damina mai albarka, ya ba jama'a wakilai masu riƙon amana, amin.