Takalmin birkin motar ƙungiya: na siramik ko mai gaurayen ƙarfe?

Kaka ta matso, kwanan nan motocin ƙungiyoyi za su fara jigilar gero da dawa da wake daga Kademi da ƙauyukan Ajingi zuwa Gaya da Wudil, wasu har Dawanau. A zaman wata ƙungiya da na halarta, an daɗe ana jayayya a kan takalmin birkin a-kori-kurarsu. Direba ya je Ƙofar Ruwa, mai shago ya ajiye masa kwali biyu, ya ce na siramik ya fi tsada don shi ne mai kyau. Ma'aji ya ce wannan kuɗin ba zai fita ba. Ma'aji tsimi ne ya dame shi, amma a wannan karon shi ke da gaskiya.

Ga dalili. In ka taka birki, takalmin nan yana matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, gudun motar ya koma zafi. Nauyin mota ya ninka, zafin ya ninka. Gudu ya ninka kuwa, zafin sau huɗu zai zama. Buhu 10 masu kilo 100 tan 1 ne cur, ban da masu kayan da ke zaune a kai. Kar ka ce ai ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba gangara. Ramuka, tudun rage gudu a cikin garuruwa, garken shanu ranar Juma'a ta kasuwar Wudil, duk taka birki ne a jere, ba ya samun hutun da zai huce.

Mai gaurayen ƙarfe, kashi 30 zuwa 65 cikin 100 na jikinsa ƙarfe ne da tagulla. Shi ya sa yake jure zafi, yana ci gaba da kamawa ko mota ta sha kaya. Aibinsa a fili yake: yana ƙara, yana baƙanta ƙarfen taya da ƙura, kuma yana cin faifai da ɗan sauri. Na siramik shiru yake aiki, ƙurarsa kaɗan ce, yana lallaɓa faifai, yana kuma daɗewa a ƙaramar motar da ba ta ɗaukar nauyi. Sai dai ba ya kwashe zafi kamar wancan. In aka yi ta takawa da lodi, za ka ji kana danna ƙafa motar tana ci gaba da tafiya. Tsadar tasa ta shiru da tsabta ce, kai kuma motarka turɓayar hanyar gona take bi kullum.

Saboda haka motar kaya, a sa mata mai gaurayen ƙarfe na kamfanin da aka sani. In ƙaramar motarka ce ta kai iyali asibiti ko biki, na siramik ba laifi in aljihu zai ɗauka. Amma fa a kula, rubutun kwali ba shaida ba ne, jabu ya yi yawa. Ku tura direba da tsohon takalmin a hannu, ya tafi da makaniken da kuka yarda da shi, ya kuma karɓo rasit don littafin ƙungiya.

Zaɓin nan na tayoyin gaba ne, su ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota. Yawancin a-kori-kura birkin ganga ne a baya, takalminsa daban, amma a buɗe shi ma a duba. In naman takalmi ya sauko zuwa milimita 3, a canza, hagu da dama tare, ban da canza ɗaya a bar ɗaya. Faifan da ya yi zane mai zurfi zai cinye sabon takalmi komai kyansa. Man birki yana shan danshi, a sabunta shi kamar duk shekara 2.

Ranar da aka ɗaura sabo, kada a yi lodi nan take. Direba ya fita da motar ba kaya, ya samu miƙaƙƙen titi da ba cunkoso, ya riƙa ɗan gudu yana rage shi da birki a hankali kamar sau 10, sannan ya bari ya huce kafin a fara ɗora buhuna.