Motar Tsere da Hanyar Zoza

A 2023 kamfanin Bentley na Ingila ya fitar da motoci 48 kacal, wasunsu masu rufin da ake naɗewa, don tunawa da nasararsa ta 2003 a tseren Le Mans na Faransa, inda ake wuni a kwana ana gudu har awa 24. A gaban kowace mota an dasa guntun ƙarfe daga injin da ya ci tseren. Yayin da ake yi ke nan a manyan kamfanoni: a ƙera kaɗan, a jingina su da tarihin tsere, a tsawwala kuɗi. Masu hannu da shuni abin da ba kowa ke da shi ba suke nema, kamfanoni kuma sun gano ribar tana nan.

Mu ma tsere ya taɓa tallata mana mota. A 1975, shekarar da kamfanin PAN ya fara harhaɗa Pijo a Kaduna, Pijo 504 ce ta lashe tseren Safari na Kenya, a 1978 kuma mai ƙofa biyu ta sake ci. Hanyar Safari kuwa taɓo ce da ƙura da kwazazzabai, irin wadda direba ke fama da ita da damina a ƙauyukan Zoza, Rogo da Ƙaraye. Abin da aka gwada a can shi talaka ya saya a nan: mota mai tsayin ƙafa, wadda bakanike zai kwance mata kafireto a gindin darbejiya, ya wanke da fetur, ya busa, ya mayar, ta tashi. A-kori-kurarta ta sha ɗaukar buhunan masara da dawa har bayanta ya kusa taɓa ƙasa, ta kuma kai kasuwa.

An daina haɗa 504 a 2006. Gurbinta sai kwancen Turai da ke shigowa ta Kwatano suka cike, su Golf da Sharon. Sun fi araha, ba su kuma shan mai sosai, abin da ya ƙara musu daraja tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023. Amma don kwalta aka yi su. Dole direba ya sa a ɗaga ƙafar motar, kullum yana gareji, kuɗin gyaran kuma a kan manomi da fasinja yake ƙarewa. A ganina asarar ta fi ribar yawa.

Tun 2022 kamfanin Dangote Peugeot ke haɗa motoci a Kaduna, kuma gwamnatin Kano na da hannun jari a ciki. Ya kamata ta yi amfani da wannan dama, ta nemi a ƙera motar kaya mai sauƙin gyara, a gwada ta a hanyoyin Rogo cikin watan Agusta kafin a kai ta kasuwa.