Waƙoƙin Tashe: Abin da Ake Faɗa da Abin da Yake Gaskiya

Da azumi ya cika kwana goma, yaran Azare kan fito tashe bayan shan ruwa, wani ya liƙa gemun auduga, wani ya zurma babbar rigar mahaifinsa tana jan ƙasa. Tare da su kuma maganganun manya kan fito, kowa da nasa tarihin.

Wadda ta fi yawo a wayoyi ita ce wai an hana tashe a Arewa baki ɗaya. Ba haka ba ne. Rundunar 'yan sandan jihar Kano ta dakatar da shi a wasu shekarun baya-bayan nan, kuma dalilin da ta bayar shi ne 'yan daba da ke fakewa da wasan suna ƙwace da sara. Ba waƙoƙin aka kama da laifi ba. Umarnin Kano kuwa a iyakar Kano yake tsayawa, bai ɗaure yaron Azare ko na Katagum da ke jihar Bauchi ba.

Sai masu cewa wani mutum guda ne ya tsara waƙoƙin, ko wani gari ne ya haife su. Nan ma babu ƙamshin gaskiya. "Jatau Mai Magani", inda yaro ke kwaikwayon mai tallar sassaƙe da saiwoyi, da "Ga Mairama Ga Daudu", wasan 'yan mata mai kwaikwayon zaman aure, ana yin su a Kano da Zariya da Katsina, kowane gari da ɗan sauyinsa. Tun kafin fadar Katagum ta koma Azare a 1916, wannan ƙasa mashigar fatake da almajirai ce tsakanin Kano da Borno, kuma waƙa ba ta biyan kuɗin fito. M. B. Umar ya tattara wasu a littafinsa Wasannin Tashe, amma tattarawa ya yi, daga bakin yara ya ɗauko.

Batun cewa tashe ya samo asali daga tayar da mutane sahur yana da tushe. Har yanzu Kano na da Nalako, shugaban gwagware, wanda al'adarsa ke haɗe da tayar da masu barci da tsokanar gwauro. Masar ma tana da mai zagayawa da ganga kafin asuba. Sai dai tashen yara ya daɗe da rabuwa da wannan aiki: da farkon dare ake yin sa, lokacin da kowa idonsa biyu.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce kiran tashe bara. E, ana ba yaran hatsi ko 'yan kuɗi. Amma mai bara hannu kawai yake miƙawa, su kuwa sai sun yi shiga, sun haddace amshi, sun ba gida dariya, wani lokacin har su yi wa mai gida hannunka-mai-sanda kan rowa ko ƙaryar malanta. A Kuwait da Katar ma yara kan bi gida-gida da waƙa a tsakiyar Ramadan ana zuba musu gyaɗa da alawa a jaka, ba wanda ya ce musu mabarata.