Kaka a Barade: Dalilin da ke sa magidanta sayar da hatsi da araha su sayo da tsada

JALINGO – Daga tsakiyar watan Satumba, sa'ad da ruwan sama ya fara ja da baya a Jalingo, hedkwatar Jihar Taraba, harkokin gidaje a unguwar Barade sukan sauya fasali. Sabuwar masara ta shigo, doyar Zing ta cika kasuwa, ga gyaɗa an shanya a tsakar gida. Mai kallo daga nesa zai ce wadata ta sauka. Amma a lissafin magidanci, makonnin nan na ƙarshen damina da farkon kaka su ne mafi nauyi a shekara, kuma shawarar da ya yanke a cikinsu ita ke nuna ko iyalinsa za su kai watan Yuli da abinci a gida.

Tun bayan da aka ƙirƙiro jihar daga tsohuwar Gongola a ranar 27 ga Agusta, 1991, garin ya cika da ma'aikata da 'yan kasuwa. Da yawansu ba su saki fartanya ba. Suna da gonaki a wajen gari, ta ɓangaren Ardo Kola, Lau da Yorro. Don haka gida guda yakan kasance mai sayar da hatsi a Oktoba, mai sayensa a Yuni.

Matsalar ita ce buƙatun kuɗi duka sukan taru a wuri ɗaya. Makarantu na buɗe sabuwar shekara a Satumba, ga kuɗin makaranta da littattafai. Wanda ya ba da taki bashi a farkon damina yana jiran kaka. Masu girbi da masu sussuka ba sa karɓar alkawari, haka ma mai motar da zai kwaso amfani, wanda kuɗinsa ya ninka tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Zazzaɓin cizon sauro ma a ƙarshen damina ya fi kwantar da yara. Sannan ga bukukuwan aure, waɗanda bisa al'ada akan ɗage su "sai kaka". Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran farashi ya gyaru.

A daidai lokacin kuwa kowa ke fito da kayansa. Kasuwannin Mutum Biyu, Garba Chede da Iware sukan cika da buhuna, dillalai masu saya wa 'yan kasuwar Dawanau ta Kano da masu haɗa abincin kaji a kudu suna zaune suna zaɓe. Idan masu sayarwa suka yi yawa kuma duk a matse suke, mai saye ne ke yanka farashi. A ce magidanci ya girbe buhu 20, iyalinsa na cin 12 a shekara. Ya fitar da zakka, larura ta sa ya sayar da 10. Ke nan kafin sabon amfani ya nuna sai ya koma kasuwa neman buhu huɗu, a lokacin da hatsi ya fi tsada. Bambancin farashin nan tamkar kuɗin ruwa ne ya biya, ko da yake bai taɓa shiga banki ba.

A da, Hukumar Hatsi ta Ƙasa da aka kafa a 1977 takan sanar da mafi ƙarancin farashi, har aka rushe ta a 1986 a ƙarƙashin shirin SAP. Gaskiya ita ce ko a wancan zamani ba ta tsinana wa ƙaramin manomi abin kirki ba, amma tun daga nan akasarin ajiya ta koma hannun mai jari.

Sai dai kada 'yan kasuwa su ɗauka ajiya riba ce tabbatacciya. Masarar da aka ɗura a buhu ba ta bushe sosai ba takan yi fumfuna, ƙwari kuma su ci rabonsu, in ba an yi amfani da buhun PICS mai hana iska shiga ba. Ga kuɗin sito, ga tsadar jari: a Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari. Haka kuma, bayan gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150 a Yulin 2024, farashin hatsi ya karye a 2025, masu ajiya da dama suka sayar ƙasa da yadda suka saya.

A ganin wannan wakili, matan gida sun fi kowa gane lissafin. Maimakon fitar da gyaɗa ɗanya, sukan matse mai su soya ƙuli-ƙuli, su turara shinkafa su sayar mudu-mudu, abin da ya samu su zuba a adashi ko su sayi ɗan rago su ɗaure. Jarin ƙarami ne, amma yana rarraba kuɗin kaka zuwa watannin rani.

Abu guda da ke iya birkita duk wannan shi ne kogin Binuwai. A 2012 da 2022, bayan sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a Lau, Karim Lamido, Gassol da Ibi ana gab da girbi. Saboda haka dillalan Jalingo kan sa ido a kan kogin har ƙarshen Oktoba kafin su saki kuɗi.