An ɗaga Hilux, an manta da amortisa: kuskuren da ke cin kuɗin masu katkat

Duk wanda ya leƙa garaji a Agadas ko Tawa zai tarar da Hilux ko Land Cruiser a kan jak, makanike a ƙarƙashinta yana ƙara mata lam, wato sifirin na baya. Tun da aka gano zinariya a Djado a 2014, sannan aka soke dokar hana jigilar bakin haure a Nuwamban 2023, motar da ke iya shiga Tenere ta zama jari. Da yawa daga cikinsu kuɗin ƴan ci-rani ne: wani na Libiya ko Aljeriya ko Dubai ya tara ya aiko, ƙane ko ɗan'uwa na tuƙi, gida na ci.

Dalilin ɗaga motar a bayyane yake. Ana son cikinta ya yi nisa da rairayi da duwatsu, ana son manyan tayoyi, ana kuma son ta ɗauki jarkokin mai da na ruwa da fasinja ba tare da bayanta ya zauna ba. Abin da akan manta shi ne amortisa, wanda a Kano da Katsina ake kira shokazoba. Sai a bar na asali a jiki, ko a sayo sabo irin na asalin saboda lambarsa ta dace da motar. Lambar ta dace da motar da ta fito daga kamfani. Motar da ke kan jak ɗin kuwa ta riga ta canza tsayi.

Amortisa ba ya ɗaukar nauyi. Lam da sifirin ke ɗauka. Aikinsa shi ne ya kashe lilon da sifirin ke yi bayan an faɗa rami, ta hanyar tura mai ta cikin ƙananan kafofi, don taya ta ci gaba da manne da ƙasa. Yana da iyakar miƙewa da iyakar tsukewa. In an ɗaga mota da santimita 5 aka bar tsohon, to tun motar na tsaye ya riga ya cinye wani kaso na miƙewarsa. Da zarar taya ta sauka cikin rami sai ya kai ƙarshe ya yi ƙara kamar an buga guduma. A hankali robobinsa su mutu, mai ya fara tsiyaya, wata rana kunnen da aka ɗaure shi ya tsage. Kafin nan ma tayar tana rataye a iska a lokacin da ake buƙatar ta taka ƙasa.

Wasu kuma sukan wuce gona da iri, su sayo mafi tsawo da ke shagon. Dogon amortisa ba ya tsukewa sosai. In an yi lodi aka daki tudu, shi zai fara kai ƙarshe kafin robar da aka tanada don tare bugun ta taɓa, sai nauyin motar duka ya sauka a kan sandarsa. Ko ta lanƙwashe, ko cikinsa ya farfashe.

Saboda haka abin da ya kamata a fara nema mitar awo ce, kafin a yi maganar sunan kamfani. A kwance tsohon amortisa, a ɗaga shasi har tayoyin su rataya, a auna tsakanin maɗaurin sama da na ƙasa. A sake aunawa motar na tsaye da irin lodin da take ɗauka kullum, a kuma duba tazarar da ta rage kafin robar tarewa ta taɓa. Kamfanoni na gaskiya suna bayyana tsawon kowane amortisa a miƙe da a tsuke, suna kuma faɗin ɗagawar da aka yi shi dominta. Mai aiko da kaya daga waje ya nemi a turo masa waɗannan alƙaluma ta WhatsApp tare da hoton maɗauran, domin wani ƙarshen zobe ne, wani sanda mai noti. Shekarar motar ma tana da muhimmanci: Hilux daga 2005 zuwa yau sifirin ɗinta na gaba naɗe yake a jikin amortisa, ta kafin nan kuwa ba haka take ba. Land Cruiser 79 tana da sifirin mai naɗi a gaba tun 1999, lam a baya. Tun da ana wurin, a duba tiyon birki. In ya miƙe tantsan lokacin da tayoyin ke rataye, shi ma yana son canji.

Bayan tsawo sai zafi. Wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Agadas ta Abalak ya san wuraren da kwalta ta ƙare sai gargada. A irin wannan hanya amortisa na motsi ba hutawa na tsawon sa'o'i, man cikinsa ya yi zafi ya yi kumfa, motar ta fara lilo kamar kwale-kwale, baya ya riƙa zamewa. Motar da aka ɗaga, aka kuma jibga wa kaya a sama, ta fi saurin kifewa a wannan hali. Mai bututu ɗaya, irin Bilstein 5100, yana raba mai da iskar gas, yana kuma saurin huce zafi, amma in dutse ya lotsa jikinsa ya gama aiki. Mai bututu biyu, irin yawancin na KYB da Monroe da Nitrocharger na Old Man Emu, ya fi jure lotsawa kuma galibi ya fi sauƙin kuɗi. Masu ƙaramin tankin mai a gefe irin Fox da King sun fi kowa jure zafi, sai dai suna son a riƙa buɗe su ana gyarawa da kayan aiki na musamman, kuma ba kowane garaji ke da su ba. Ga motar haya mai lodi, matsakaicin da aka ƙera don ɗaukar nauyi, wanda kuma ake iya samun madadinsa a kusa, ya fi mai tsadar da zai bar direba a Dirku yana jiran saƙo.

Jabu kuwa ya cika kasuwa, kwali da tambari tamkar na gaske. Farashin da ya faɗi ƙasa warwas alama ce, haka walda marar tsabta da rashin lamba a jikin ƙarfen. Na hannu da ake cirowa daga motocin Turai kusan duk na motar da ba a ɗaga ba ne, don haka ko da lafiyarsu ƙalau gajeru ne.

Ana canza su biyu-biyu, hagu da dama tare. Kada a ƙarasa ɗaure notin robobin sai an sauke motar ta tsaya da nauyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. Bayan tafiyar farko a kan gargada, direba ya kai hannu kusa da kowanne a hankali: mai aiki zai yi ɗumi ko zafi, wanda ya tarar da sanyi kuwa ba ya yin komai.