Firosesa mai gaurayen cibiyoyi

Firosesa mai gaurayen cibiyoyi wani nau'in firosesa ne na kwamfuta da ke ɗauke da cibiyoyin sarrafa bayanai iri biyu a cikin guntu ɗaya: manya masu ƙarfi da sauri, da ƙanana masu tsimin wutar lantarki. Amfaninsa ya dogara da babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, kamar Windows ko Linux, domin ita ce ke raba wa cibiyoyin aiki.

Tarihi

Kamfanin ARM na Ingila ne ya gabatar da tsarin big.LITTLE a shekarar 2011, wanda ya yaɗu a wayoyin hannu. A Nuwamban 2020 Apple ya fitar da M1 mai manyan cibiyoyi 4 da ƙanana 4. A kwamfutocin tebur kuwa, Intel ya shigo da tsarin ne da zuriya ta 12, wato Alder Lake, a Nuwamban 2021. Intel na kiran manyan cibiyoyin P-core, ƙananan kuma E-core. Samfurin Core i9-12900K yana da manya 8 da ƙanana 8.

Yadda yake aiki

Sashen babbar manhaja mai rabon aiki ya saba ɗaukar duk cibiyoyi a matsayin daidai. Idan bai gane bambancinsu ba, zai iya tura aiki mai nauyi, kamar haɗa bidiyo, zuwa ƙaramar cibiya, sai kwamfutar ta yi nauyi alhali manyan na zaune babu aiki. Don magance haka Intel ya saka wata fasaha mai suna Thread Director a cikin firosesar. Tana lura da irin umarnin da kowace manhaja ke bayarwa, sannan ta sanar da babbar manhaja cibiyar da ta dace.

Dacewa da manyan manhajoji

Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoban 2021, an tsara ta ne don aiki da Thread Director. Windows 10 tana tashi a kan waɗannan firosesoci, amma ba ta cin cikakkiyar moriyar fasahar, kuma Microsoft ya daina tallafa mata na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025. A ɓangaren Linux, sigar 5.18 ta watan Mayun 2022 ta fara karɓar bayanan da firosesar Intel ke bayarwa game da ƙarfin kowace cibiya.

A farkon fitowar Alder Lake, wasu wasannin kwamfuta masu kariyar Denuvo sun ƙi buɗewa, saboda kariyar ta ɗauki cibiyoyin iri biyu a matsayin kwamfutoci daban-daban. An gyara wannan daga baya. Haka kuma Intel ya kashe umarnin AVX-512 a zuriyar, tunda ƙananan cibiyoyin ba sa iya gudanar da shi.

Ga masu haɗa kwamfuta da kansu

Matsalar ta fi shafar wanda ya sayi kayan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi a kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas, domin shi ne zai zaɓi manhajar da kansa. Zuriya ta 12 zuwa ta 14 na buƙatar madabod mai mazaunin LGA 1700, kuma tsohon madabod kan buƙaci sabunta BIOS kafin ya karɓi sabuwar firosesa. Windows 11 kuma tana buƙatar TPM 2.0, wanda ake kunnawa a cikin BIOS. Ɗora tsohuwar manhaja a kan sabuwar firosesa yakan sa mai kwamfuta ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai samu ba.